Ɗan Rakiya

Katin ƙwayoyin ya faɗo kan teburin falo, ya zame har gaban Auta.

"Ɗauki ki faɗa mini mene ne wannan," in ji Mama, uwar mijinta, ko zama ba ta yi ba.

Auta ta dube shi. Ta san katin sarai, a ƙarƙashin zannuwanta take ɓoye shi. Bayan Mama ga 'yar Gwaggon mijinta a tsaye, ta naɗe hannu a ƙirji sai ka ce mutuniyar kirki. Ita ke zama a tagar ba da magani a asibitin da mijin Auta yake aikin likita, ita ta hango Auta tana karɓa, ita kuma ta kai gulmar. Tun kafin auren nan take son Likita, har yau ba ta haƙura ba.

"Mama, ki yi haƙuri..."

"Haƙurin me? Kowa ya san ɗana bai taɓa rubuta wa mace maganin hana ɗaukar ciki ba saboda tsoron Allah, sai ga shi ana haɗiya a ɗakinsa a bayan idonsa! Bari ya dawo. Ko ki zubar da su a gabana, ko ki haɗa kayanki."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zaninta.

Abin da zai ba ka mamaki, wannan hali nasa ne ya sa ta so shi tun farko. Tana budurwa ta raka Yayarta asibiti, Yaya ta nemi ƙwayoyin tazarar haihuwa. Likitan ya ajiye biro, ya ce a hankali, "Baiwar Allah, ni ba na rubuta wannan. Tsakanina ne da Ubangijina, ba laifinki ba ne, kuma ban raina ki ba. Taso mu je."

Auta da ma bakinta ba ya shiru. "To wa'azi za ka kai mu?"

Murmushi kawai ya yi. Ana ruwa ranar, ya ɗauko lemarsa ya riƙa musu, shi yana jiƙewa, har ƙarshen doguwar baranda inda ofishin babbar likitar mata yake. Ya ƙwanƙwasa da kansa, ya ce, "Anti, ga baƙi na kawo miki." Sannan ya koma da rigarsa sharkaf.

Ashe haka yake yi wa kowace mace. Ba ya rubutawa, ba ya kuma barin mace ta fita da kunya tana tambayar hanya. Nas-nas har suna suka sa masa, Ɗan Rakiya, in ya wuce suna ƙunshe dariya. Wallahi tun daga lemar nan Auta ba ta ƙara samun zuciyarta ba.

Aka yi aure, aka yi zaman da kowa ke sha'awa. Haihuwar fari lafiya lau. A ta biyu ne jini ya ɓalle mata, har aka fara cire rai. Da ta farfaɗo, babbar likitar ta zaunar da ita ita kaɗai ta ce, "'Yata, jikin nan yana buƙatar hutu mai tsawo. In kika sake ɗaukar ciki nan kusa, ban yi miki alkawarin za ki tashi ba."

To ta yaya za ta dubi idon mutumin da take girmamawa haka ta ce ya yarda da abin da hannunsa ya ƙi? Sai ta zaɓi ɓoyo. Ranar da ba ya aiki ta saci jiki, ta bi barandar nan ita kaɗai, mayafi har goshi.

Ƙarar motarsa ta katse mata tunani.

Ya shigo da sallama, jakarsa a kafaɗa. Ya dubi Mama, ya dubi matarsa a durƙushe, sannan idonsa ya sauka kan katin. Ya daɗe yana kallonsa.

'Yar Gwaggo ta yi caraf. "Yaya Likita, ni dai amana ce ta sa na faɗa..."

"Amana?" Bai ɗaga murya ba. "Sirrin majiyyaci kika ɗauko daga tagar aiki kika kawo falo. Je ki gida, ƙanwata. Gobe za mu yi wannan maganar a ofis."

Ta ja mayafi ta fice, ko sallama babu.

Mama ta ce, "Ka bar wannan. Matarka ta ci amanarka, me ka ce?"

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Mama, kina nan ranar da aka fito da ni daga ɗakin haihuwar Auta saboda hannuna na rawa. Ke kika riƙe ni ina kuka kamar yaro."

Mama ta kau da kai.

"Alkawarin da na yi wa Allah a kan hannuna na yi shi, Mama. Ban yi shi a kan ranta ba. Ban taɓa rubutawa ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma ban taɓa tare wa wata mace hanya ba, balle wadda ta kusa mutuwa wajen haifa miki jika. In ta zubar da su, ta sake ɗaukar ciki ta rasu, wa zai rainar miki yaran nan? Ni kuma me zan ce wa Ubangijin da nake tsoro?"

Daga ɗaki jaririn ya fara kuka. Mama ta goge ido da bakin mayafi.

"Ba wanda ya gaya mini abin ya kai haka," ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ta dubi Auta. "Ke ma da zurfin cikin tsiya. Tashi daga ƙasa, sanyi zai kama ki."

Ta wuce ɗaki wajen jikanta.

Suka rage su biyu. Auta ta kasa ɗago kai.

"Ka yafe mini, Likitana... tsoro na ji kar na zube a idonka."

Ya zauna kusa da ita a ƙasa, ya ɗago haɓarta.

"Haskena, na ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ƙwayar ce ta yi mini ciwo ba."

"To mene ne?"

Ya dubi idonta. "Matan mutane nake rakawa kullum, waɗanda ban ma san sunansu ba. Sai tawa matar ce ta bi barandar nan ita kaɗai, tana ɓoye fuska."

Nan Auta ta fashe da kuka mai ƙarfi, ta faɗa ƙirjinsa. Ba ta taɓa sonsa kamar wannan lokacin ba.

Da katin ya kusa ƙarewa, da safe ya ce ta shirya. Suka shiga asibitin tare, ya wuce ƙofar ofishinsa bai ko kalle ta ba. Rana ce tarwai, ko gajimare babu, amma sai ga shi ya buɗe tsohuwar lemar nan a kanta.

"Likita, mutane na kallonmu fa," ta raɗa masa, kunya kamar ta nutse.

"Su kalla."

Nas-nas suka leƙo ta taga suna taɓa juna. Ya riƙe hannunta har ƙarshen baranda, ya ƙwanƙwasa ƙofar da kansa.

Babbar likitar ta ɗago, ta zare tabarau. "Ɗan Rakiya, yau kuma wa ka kawo mini?"

Ya dubi Auta, idonsa ya ciko.

"Anti, yau ba baƙuwa ba ce. Matata ce. Ki kula mini da ita, ina nan bakin ƙofa ina jira."