Makirfon Da Aka Juya

"Sake kunna nata, don Allah..."

Lasifika ce ta faɗa, tana wani lanƙwasa wuya, hannunta a kan kujerar Injiniya kamar ita ta saya.

Ya danna. Muryata ta fito.

Wayyo ni! Kamar daga cikin rijiya nake waƙa. Siririya, can nesa, ba daɗi ba ƙarfi. Ga tata kuwa da aka kunna kafin tawa, ta cika ɗakin dam.

"Ayya," in ji ta. "Ai murya baiwa ce, 'yar'uwa. Ba laifin makirfo ba ne."

"Kashe!" na ce.

"Kurciya, bari mu ji ƙarshen..."

"Na ce ka kashe!"

Ya kashe.

Bari in gaya muku yadda muka zo nan, don kar ku ce masifa ce kawai take cina.

Injiniya saurayina ne. Shi ya raɗa min Kurciya, wai muryata a hankali take fita, sai mai kunne ke jin daɗinta. Situdiyonsa ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani mai walda. Ni da hannuna na taya shi rataya tsofaffin barguna a bango, na ɗinke su biyu-biyu a kekena na ɗinki don su tare hayaniya. Kwamfuta ta hannu ce, hedifon ɗaya tal, wayarsa ma an ɗaure da salatif. Abin da ya rage masa shi ne makirfo, kuma abin da ya tara ba zai sayi biyu ba. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Mai shagon kayan sauti ya tausaya masa, ya ba shi guda biyu ya gwada, da sharaɗin ya mayar da ɗaya kafin a rufe shago.

Ɗaya baƙi ne mai kan ƙwallo, ko faɗuwa ya yi ba ruwansa. Ba ya jin komai sai abin da aka ɗura masa a baki, ga shi da son ganga da murya mai ƙarfi. Ɗayan kuwa farin ƙarfe ne, na hannu ba sabo ba, a tsaye ake kafa shi. Shi wannan ko numfashi aka ja sai ya ɗauka. Injiniya ya ce na masu sanyin murya ne da jita.

Kun gane ke nan. Ɗaya nawa, ɗaya nata.

Ita Lasifika 'yar gwaggonsa ce. Ni na sa mata sunan, kuma ban zalunce ta ba, don in tana gaisuwa a ƙofa ana amsawa daga ƙarshen layi. Ta taɓa yin amshi a wani babban situdiyo, shi ya sa ba ta buɗe baki ba ta ce "a wurinmu can". Gwaggon kuwa ta rantse sai ta haɗa su. Kuma akwai waƙar da Injiniya ya rubuta don buɗe situdiyon. Duk wadda makirfon da aka saya ya karɓi muryarta, ita za ta rera.

A baƙin, muryata ba ta kai ko'ina ba, dama na sani. Farin ne duk fatana. Ga abin da ya yi min.

"To, Yaya," Lasifika ta ce, har da wani jan "Yayan" nan da ke tsaya min a wuya, "ai magana ta ƙare. A mayar da farin. Ba a sayen kaya don kunya."

Na dube shi. Jira nake ya ce a'a. Jira nake ya ce a sake ɗauka.

Ya kafe kwamfutar da ido yana sosa ƙeya.

"Abin ya ba ni mamaki," ya ce a hankali. "Wataƙila farin yana da matsala. Kun san kayan hannu... In haka ne, gara baƙin, ga kuma ƙarar walda."

"Gara baƙin," na maimaita. "Ko dai gara mai baƙin?"

"Haba Kurciya..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan! Ka riƙe makirfonka, ka riƙe waƙarka, ka riƙe 'yar gwaggonka. Bargunan ma na bar muku, ku lulluɓa!"

Na fizgi jakata na fice. Ina jin dariyarta har bakin titi, dama ita ba ta iya komai a hankali ba.

A gida na tarar da Umma tana ninke wanki, Yayana yana gyaran fanka a tsakar ɗaki. Kallo ɗaya ya yi min ya ajiye sukundireba.

"Mai kiɗan ne ko?"

Na cire takalmina.

"Na gaya miki. Mutumin da jarinsa bargo da waya, me zai riƙe ki da shi? Yau ke, gobe wata mai murya."

"Kai dai bar ta ta sha ruwa," in ji Umma. Ta juyo gare ni. "Kishi kumallon mata, 'yar nan. In ya taso a fitar da shi, amma ba a gaban mutane ba."

Na shige ɗaki na faɗa kan gado. Kuka nake kamar an yi min mutuwa. Ba waƙar ce ta dame ni ba, wallahi. Shirun da ya yi ne. Ina hango su su biyu, kai da kai a gaban kwamfuta, hedifon ɗaya, kunne ɗaya nasa ɗaya nata. Zuciyata kamar ta fashe.

Wayata ta yi ƙara.

Shi ne. Ba ban haƙuri ba, ba komai ba. Ɗaukar muryata ce ya turo. Ɗabi'arsa ce, duk wanda ya yi waƙa a wurinsa sai ya tura masa, ta yi kyau ko ba ta yi ba, wai mawaƙi ya ji kansa. Yau ma, da na zazzaga masa rashin mutunci, bai fasa ba.

Na so in goge. Amma kun san mai jin haushi, sai ya sosa inda ke masa ciwo. Na sa abin kunne na kunna.

Ga ni can a rijiya. Na wuce wurin da na sa ya kashe.

Sai na ji numfashi.

Kusa, kamar a cikin kunnena. Ba nawa ba.

Sai ƙarar kujera. Sai wata murya ƙasa-ƙasa tana bin baitin tare da ni, tana riga ni da kaɗan, kamar mai riƙe hannun yaro zai tsallaka titi.

Na tashi zaune.

"Yauwa... a hankali... haka, rabin raina..."

Injiniya!

Na kai wurin da nake jan murya sama. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, raɗau kamar yana gabana:

"Ya Allah, ko ba ka ba ni komai ba, ka ba ni yarinyar nan."

Na mayar baya. Na sake ji. Na sake mayarwa. Hawaye na zuba, ina dariya kamar taɓaɓɓiya.

"Ke lafiya?" Yayana ne a bakin ƙofa. Kafin in ɓoye ya zare abin kunnen ya sa a nasa. Ina kallon fuskarsa. Ya ɗaure ta tamau, ya saurara har ƙarshe, ya miƙo min.

"Shi bai san ana ɗaukarsa ba?"

"Bai sani ba."

"Ɗauko mayafinki. In kai ki kafin a rufe shagon."

Mun same shi yana ƙoƙarin kwance farin daga sandarsa, kwalinsa a buɗe. Lasifika tana zaune a kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana bitar waƙata.

"Kar ka taɓa shi!" na ce.

Ya daskare. Idonsa ya yi ja, ashe shi ma bai ji da daɗi ba.

"Kunna tawa. Ka ƙure sautin. Har ƙarshe."

"Kurciya, ba sai kin sake jin..."

"Kunna mata," in ji Yayana.

Mai walda ya tafi cin abinci, ɗakin tsit. Muryata ta fito daga rijiyarta. Sai tasa ta biyo baya, ta cika ɗakin.

Ban taɓa ganin namiji ya ji kunya irin ta ranar ba. Ya rufe fuska da hannu biyu. Da addu'ar ta fito kuwa, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Can sai ya sauke hannun. Ya dubi kujerarsa, ya dubi inda na tsaya na yi waƙa, ya dubi makirfon.

"Tsaya. Ya aka yi ya ji ni fiye da ke?"

Ya ɗage 'yar ragar da ke tare iskar baki, ya leƙa. Ya juya zuwa ɗaya gefen.

"Ga ɗigon nan," ya ce, yana nuna wata 'yar alama a jikin ƙarfen. "Nan ne gabansa. Irin wannan ta gefe ɗaya yake ji. Ni na kafa shi yana kallon mai waƙa. Yanzu teburina yake kallo. Ƙeyarsa kika yi wa waƙa, Kurciya. Ni kuma hedifon yana kanki, da kunnena nake jin ki, ban san abin da ke shiga ba."

Ya juya a hankali ya dubi Lasifika.

"Wa ya taɓa shi bayan kin gama taki?"

Na tuna. Ita ce ta ce, "Bari in sauke miki, kin fi ni gajarta." Har godiya na yi mata!

"Ni tsayi kawai na gyara," in ji Lasifika. Karon farko a rayuwata da na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ke da kika yi aiki a babban situdiyo, ba ki san gaban makirfo ba?" in ji Injiniya.

Ta hau gyara mayafinta.

"Ramin mugunta dai gajere ake gina shi," na ce. "Amma na gode, 'yar'uwa. Da ba ki juya shi ba, da wannan bawan Allah zai shekara yana sosa ƙeya bai faɗa ba."

Ta suri jakarta ta fita. Ko ƙofar ba ta iya bugawa ba, bargona ya tare.

Yayana ya yi gyaran murya. Ya dubi bangon, ya dubi wayar da aka ɗaure da salatif, ya girgiza kai.

"Ɗakin nan dai sai addu'a. Amma roƙon da ka yi, ba a kujera ake ƙarasa shi ba. Ka san hanyar gidanmu. Ka zo da manyanka."

Ya ɗauki baƙin makirfon ya sa a kwali. "Wannan ne za a mayar ko? Kawo, hanyata ce."

Ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

Injiniya ya juya farin a hankali har ɗigon ya kalle ni.

"Zai ɗauki ƙarar walda fa," na ce, don kar ya ga na sauko da wuri.

"Sai mu riƙa jira ya tafi cin abinci."

"Kuma ka yi shiru ɗazu. Ban yafe ba."

"Na sani, rabin raina. Ki yafe a hankali, ba sauri nake ba."

Ya ɗora min hedifon, ya koma kujerarsa.

"Kin shirya?"

"Na shirya. Amma wannan karon ka kama bakinka, nawa ne."

Ya danna, kiɗa ya tashi a kunnena. Ina kallon leɓensa, tun ban fara ba ya riga ni.