Garin da Aka Niƙa wa Hajiya Barira

Shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai yi kai ba, Sufeto Khalilu yana aiki a caji ofis ɗin Gezawa. Wata Laraba da hantsi wani dattijo ya shigo, ƙafafunsa duk ƙasar gona, ya ce sunansa Malam Nababa.

"Ranka ya daɗe, 'yata Rukayya ce. Mijinta ya rasu, ta dawo gabana, ga rumbu ba komai. Hajiya Barira ta Zakirai ta ce za ta kai ta Kano koyon ɗinki. Na je Kanon, babu shagon, babu 'yata."

"Me aka ce ta tafi da shi?"

"Ba komai. Hoto kawai aka ɗauke ta."

Sufeto ya fara da Ado mai hoto a Zakirai.

"Hoton kwalliya ne, yallaɓai, na ajiyewa a ɗaki," in ji Ado.

"Nuna mini ragowar."

Ado ya yi ta lalube kafin ya miƙo su. 'Yan ƙanana ne, fuska zalla, bayansu farin ƙyalle.

"Wannan na fasfo ne. Zuwa Kano ake yi wa fasfo?"

Ado ya sunkuyar da kai. "Hajiya ce ta ce in kama bakina."

Hajiya Barira ta tarbe shi da fara'a, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Wayyo, yarinyar nan! Da hannuna na saka ta mota. In ta sauya hanya, ni ya zan yi?"

"Da wa kike zaune, Hajiya?"

"Ni kaɗai, ɗana, sai Allah."

Yana fitowa ya bi ta gaban injin niƙa, ya ga wata ƙatuwar roba cike fal da garin gero. A shekarar da masu iyali ke cin abinci sau ɗaya, abin ya tsaya masa a rai.

"Gidan wa ake biki?"

"Ba biki," in ji mai injin. "Na Hajiya Barira ne. Kwanan nan kullum sai ta aiko."

Nan take Sufeto ya buga waya Kano, ga Sakina, jami'ar hukumar da ke yaƙi da safarar mutane.

"Ka faɗo a kan gaɓa," ta ce. "Takwarorinmu na Nijar sun ceto wata mata a hanyar Agadas. Ta ce wata Hajiya mai koyar da ɗinki ce ta turo ta, amma ba mu san garin ba."

Bayan la'asar Sakina ta iso, ita da Sufeto da kuratansa suka dira gidan Hajiya da izinin bincike, Malam Nababa yana biye da su. A bayan turken awaki akwai wani ɗaki da kwaɗo a ƙofarsa. Aka ɓalle. Mata ne zaune a duhu, sun rungume ƙullin kayansu. Wata siririya ta ɗago ido.

"Motar Kanon ce ta zo?"

"Ke ce Rukayya?" Sufeto ya tambaya a hankali. "Taso, Baba yana waje."

Hajiya ta fara rantse-rantse, har Sufeto ya baza mata hotunan a tafin hannu. Sai ta daina musu.

"Gobe za a kwashe su. Agadas, daga nan Libiya. Aikin gida ne, taimakonsu nake yi, yunwa ake."

"A cikin waɗanda kika tura, wa ta taɓa dawowa?" in ji Sakina.

Hajiya ta girgiza kai.

"Babu. Na san ba sa dawowa."

Aka sa mata ankwa.

A ƙofar gida Rukayya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Malam Nababa ya dafa kanta, sannan ya kama hannun Sufeto da hannu biyu. Ya ce, "Yaro, mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu, Baba. Sunansa Usaini."

"To daga yau, duk sallar da zan yi, Malam Usaini yana cikin addu'ata."

Sufeto Khalilu ya ce amin, ya kau da fuska don kada kuratansa su ga idonsa. Sannan ya buɗe wa Hajiya Barira ƙofar mota.