Dariyar Saja

"Tsaya! Mayar da shi baya!" in ji Mama, har ta kusa ture kofin shayin Kawu.

Auta ta danna laftof ɗin, hoton ya tsaya cak a kan fuskar wani dattijo da ke zaune a gaban kejin kaji. Ranar Asabar ce da rana, ta kawo musu ɓangaren farko na fim ɗin da ake haɗawa a sutudiyon da take aiki. Fim ne na gaskiya a kan Yayanta, bakanike, wanda ya shekara tara a gidan yari bisa zargin kashe mai shagon tayar da ke kusa da garejinsa. Ita ce edita, a hannunta ake yanka bidiyo a jona.

"Wannan ba baban Dogo ba ne?"

"Shi ne, Mama. Ni ma shekaranjiya na gani. Ashe kafin ya fara kiwon kaji sajan 'yan sanda ne, shi ke rubuta sunan waɗanda aka kamo a littafin kanta a caji ofis ɗin da aka tsare Yaya."

Dogo kuwa malamin makaranta ne, shekara uku yana sintiri a ƙofar gidan nan, saura wata biyu aurensa da Auta. Mama ta miƙe tsaye.

"Gidan da suka cinye min ɗa, can zan kai 'yata? Wallahi sai dai bayan raina! Ke kuma tunda Allah ya kawo shi hannunki, ki tona masa asiri, yadda ko ƙwai ba mai sake saya a wurinsa!"

Kawu, yayan Mama, ya gyara murya. "Ni fa abin da ya dame ni daban ne. Ina maganar sifana? A kotu an nuna sifanarsa da jini a jiki. Kuma kowa ya ji sun yi cacar baki da mamacin. Fim ɗin nan naku ko ta kusa da wurin bai bi ba."

"Darakta ya ce zai ɓata labari, Kawu."

"Au, ɓata labari! To ni ɗan ƙanwata ne, ina son sa. Ban ce ya yi ba, ban kuma ce bai yi ba."

"Yaron nan tun ranar farko magana ɗaya yake yi!" Mama ta daka masa tsawa. "Litinin da rana 'yan sanda suka kulle shi saboda ya tare hanya da motar kwastoma, kisa kuma da la'asar aka yi. Su suka mayar da kamun zuwa ranar Talata a littafinsu! Tashi ka fitar min daga gida!"

Kawu ya tashi, amma sai da ya shanye shayinsa tukuna, don shi ba a taɓa korarsa da saura a kofi ba.

Ranar Litinin Auta ta zauna a ɗan ƙaramin ɗakin aikinta, fanka na ƙugi, Darakta tsaye a kanta yana taunar murfin biro. A cikin hirar da aka yi da Saja an tambaye shi, "Kun dake shi kafin ya amsa laifi?" Dattijon ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce bai tuna ba. Can gaba kuma, bayan minti ashirin, wata kaza ta tashi fir ta sauka a kan mai ɗaukar hoto, Saja ya tuntsire da dariya har da dukan cinya.

"Ga abin da muke nema!" in ji Darakta. "Cire shirun nan, ki ɗauko dariyar ki manna ta a bayan tambayar. Fim ba ya tafiya sai da mugu."

Ba sai ya faɗa sau biyu ba. Auta ta yi aikin da ba ta taɓa yin mai kyansa ba. Ta share kukan kazar, ta daidaita haske, ta ɗinke wurin yadda ko edita ɗan'uwanta ba zai ga tabo ba. Ta kalla sau bakwai, kuma duk kallo sai ta ji wani sanyi a ranta. Shekara tara tana ganin Mama na wanke kayan aikin Yaya tana ninkewa, yau dai ga wanda zai biya.

A haka Dogo ya same ta, da ƙurar alli a hannun rigarsa. Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Ko sannu ba ta ce masa ba, ta juyo masa da allon kawai ta kunna.

Ya kalla har ƙarshe, idanunsa suka kaɗa.

"Ina wurin aka yi hirar nan, Auta. Dariyar kaza ce wannan."

"To sai me? Shi Yaya da wa ya yi dariya a shekara tara?"

"Ban zo wanke Baba ba. Na tambaye shi, ya ƙi kallon idona, na san akwai abin da yake ɓoyewa. In ya yi laifi, ki nuna laifinsa, wallahi ni zan riƙe miki kyamara. Amma wannan bai yi shi ba."

"Sori, malam, nan ba aji ba ne. Ka je ka tara 'yan makaranta ka yi musu wa'azi."

Dogo ya nufi ƙofa. "Ba zan ce ki cire ba. Hannunki ne, aikinki ne." Ya ja mata ƙofa a hankali. Da ya buga ƙofar ma da ya fi mata sauƙi.

Da rana Darakta ya aiko mata da tsohon bidiyon 'yan sanda, wanda Yaya ya amsa laifi a ciki, ya ce ta saka a ɓangare na biyu. Ta sha ganin sa a kotu tana yarinya, amma ba ta taɓa kallonsa da idon edita ba. Ga Yaya a kan benci yana cewa, "Ni ban san komai ba." Sai hoton ya ɗan motsa, motsin da mai kallo ba zai kula ba. Auta ta tsayar, ta koma baya. Inuwar taga da ke bayan kansa ta yi tsalle daga bango zuwa ƙasa. Maɓallin wuyan rigarsa ya ɓace, leɓensa ya kumbura. Sai ga shi yana cewa, "Eh, ni ne."

An yanke awoyi a tsakani, an ɗinke. Ɗinkin ma na ɗan koyo ne, nata ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Ta dubi ɗaya allon, inda Saja ke ta ƙyaƙyata dariyar da ita ta ɗora masa, sai ta ji kunyar kanta ta rufe ta. Ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta.

Kafin a tashi aiki ta mayar da dariyar wurin kazarta. Ta dawo da shirun Saja yadda yake, daƙiƙa arba'in cur. Ta dawo da maganar sifana da cacar bakin, sannan ta nuna yankan 'yan sanda a fili, inuwa da maɓalli da leɓe.

Darakta ya yi ta faɗa kamar zai ari baki. "Kin kashe min fim! Wa zai zauna kallon tsoho ya yi shiru?"

"To ka nemi wani editan, yallaɓai, ka kuma cire sunana."

Ranar nunawa ta matso, ba shi da wani, dole ya haƙura. Ta gida ce ta fi zafi, da Mama ta ji labarin dariyar da ta cire.

"Kin zaɓi namiji a kan ɗan'uwanki!" in ji Mama. "Allah ya ba ki wuƙa a hannu, kin mayar kube!"

"Mama, da irin wuƙar aka yanka Yaya."

Mama ba ta saurara ba. Sati biyar ba ta amsa gaisuwarta, an fasa maganar aure, Dogo kuma bai san abin da ta yi ba, don ta hana kanta kiransa. Fim ya fita, gari ya rabu biyu. A shagon aski ana cewa sifana ta gama magana, a tashar mota ana cewa sharrin 'yan sanda ne. Auta ta rame.

Wata safiya ana share tsakar gida aka yi sallama. Saja ne, Dogo na bayansa. Mama ta ɗaga tsintsiya.

"Ki dake ni in kin so, na cancanta," in ji dattijon. Ya durƙusa da ƙyar, ya zaro wata takarda da ta yi ja daga cikin leda. "Shafin Litinin ne na littafin kanta. Ogana ya ce in yage in sake rubutawa, don sun rasa wanda za su kama, sifanar kuma aron ta mamacin ya yi. Na yage, amma na kasa ƙonawa. Ga sunan ɗanki, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, da rubutun hannuna."

Ya juya wurin Auta. "'Yata, yaron nan ya faɗa min abin da kika haɗa. Na ajiye ashana kusa da takardar nan, na ce ranar da na ga dariyar a talabijin zan ƙone ta, tunda ƙarya za a yi mini, kowa ya rasa. Na zauna kallo ina jira. Sai na ga shiruna. Ban taɓa sanin haka yake da muni ba."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannun Mama.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Saja ya tsaya a gaban alƙali ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, mutuncinsa ya zube, tsohon ogansa ya shiga hannu. Bayan wata takwas Yaya ya shigo gida da furfura a gemu, babu haƙora biyu. Kawu ya rungume shi yana rantsuwar shi dama tun farko ya san yaron nan bai yi ba, ba wanda ya tanka masa.

Mama da kanta ta aika a kira Dogo. Har yau ba ta sakin fuska da babansa, kuma ba wanda ya ga laifinta, amma ta ba da 'yarta da hannunta.

Wanda aka zalunta yana da haƙƙin neman sakayya, sai dai in ya ɗauko ta da kayan aikin azzalumi, kansa zai fara cuta. Da Auta ta biye wa zuciyarta, da ta ji daɗi na minti ɗaya, takardar da za ta fito da Yayanta kuma ta zama toka. Daƙiƙa arba'in na gaskiya ta haƙura ta bari, su suka buɗe ƙofar da ta shekara tara a rufe.