Tallafin da Aka Ci da Sunan Faustina

A gaban ɗalibanta 'yan sanda suka tafi da Faustina, yara na kuka, ita ma tana kuka... Wayyo marainiyar Allah! Wai tana karɓar tallafin da gwamnati ke ba marasa aikin yi, alhali tana cin albashin malanta a wata firamare a Kafanchan. Yarinyar da ko sisin tallafin ba ta taɓa gani ba! Tun tana zaman jiran aiki ne kawunta Bartholomew, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar iyayenta, ya kai ta ta dangwala yatsa, ya karɓe katin cirar kuɗin, daga baya ya ce mata abin bai fito ba.

Aka ba da belinta, amma aka dakatar da ita daga aiki. Lauya bai ɓoye mata ba, ya ce zamba ce, in kotu ta kama ta da laifi sai ta biya kuɗin, ta rasa aikin, ta shiga gidan yari. Mai gidan haya ya watso mata kaya waje, wanda zai aure ta ya daina ɗaga waya. Ta hau mota zuwa garinsu Kwoi, ta zube gaban kawun.

"Baba, don girman Allah ka faɗa musu gaskiya. Ba ni da kowa sai kai."

"Yatsana suka gani ko naki?" Ya ci gaba da tsince cittarsa, mugu mara imani!

Ranar shari'a ta rame ta lalace, bakinta sai addu'a. Ana dab da yanke hukunci sai ga Mama Rosemary, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, ta nemi a saurare ta. Ashe a bikin godiyar kaka Bartholomew ya tashi ba da shaida a coci, yana rawa yana ɗaga katin sama, yana cewa Ubangiji ya buɗe masa ƙofa duk wata ta sunan marainiyar da ya riƙe, kuma mata sun ɗauka a waya. Aka kunna bidiyon a gaban kotu...

Alƙali ya wanke Faustina, ya ce a mayar mata da aikinta da albashin da aka riƙe. Kawun kuwa aka kamo shi, aka ɗaure shi, tare da biyan duk abin da ya ci. Da ake fita da shi ya kira ta "'yata", kalmar da bai taɓa faɗa mata ba. Hawaye suka zubo mata, ta ce ta yafe masa, amma ba ta waiwaya ba.