Tafkin Lolo Dado

"Ning, ɗago ki dube ni mana! Da ke fa nake magana!"

Ban ɗago ba. Ina zaune a bakin busasshen tafkin ninkaya da ke bayan gidan kakannina a garin Calamba, ƙafafuna na lilo cikin ramin da ganyen mangwaro ya cika. Efren, saurayina tun muna sakandare, yana tsaye a kaina.

"Na ji ka. Ka samu aiki a gonar shanu a New Zealand. Allah ya sa albarka."

"Mu biyu na ce! A ɗaura mana aure kafin in tashi, ki biyo ni."

"In bar kakata Lola da wa? Mama na Dubai, ƙannenta kowa ya kama gabansa..."

"To har yaushe, masoyiyata?"

"Har iya kwanan da Allah ya ara mata!"

Ya zauna kusa da ni.

Kakana Lolo Dado ne ya haƙa tafkin nan da hannunsa, ya janyo masa ruwan ɗumi daga maɓuɓɓugar gindin dutse. Duk hutun bazara jikoki nan muke tarewa. Mu faɗa ruwa tun da safe, ba ma fitowa sai yatsunmu sun yamutse. Kakata Lola Pacing ta zauna a inuwa tana yanka mana ɗanyen mangwaro da gishiri, tana yi mana tsawa, ba mai sauraronta. Efren ɗan maƙwabta ne, ta katanga yake haurowa. Ranar farko ya faɗa ta wajen zurfi, Lolo ya tsamo shi ta wando yana dariya.

"Ɓarawon ruwa! In za ka yi sata, ka fara koyon iyo!"

Yanzu Lolo ya rasu, tafkin ya bushe, Lola kuma ta fara mantuwa. Ni kaina wani lokaci 'yar aiki take ɗaukata.

Ƙofar baya ta buɗe. Lola ta fito a hankali, rungume da tawul-tawul.

"Yaran nan ba su fito ba har yanzu? Sanyi zai kama su..."

Ta leƙa ramin, ta ga ba kowa, fuskarta ta rikice. Na tashi na riƙe ta. Da na waiwaya, Efren na share ido da bakin rigarsa.

Washegari ya dawo da tsintsiya da buhun siminti. Ya kwashe ganye, ya toshe tsagogi, ya gyara bututu, bai ƙara ta da maganar tafiya ba. Ana gobe zai tafi, ruwa ya cika tafkin, har tururi na tashi.

Muka zaunar da Lola a baki, muka tsoma ƙafafunta. Ta lumshe ido, ta daɗe a haka. Can ta juyo gare ni.

"Luningning... yaushe kika girma haka?"

Rabon da ta kira cikakken sunana har na manta! Na kifa kaina a cinyarta ina kuka, tana shafa gashina.

"Wa ya taɓa min ke? Wannan mai hauro katangar ne?"

"Ni ne, Lola," in ji Efren. "A yafe min."

Da safe na raka shi bakin titi. Mai keke ya ɗaure jakarsa, ya ta da inji.

"Na so in tsaya, Ning. Amma ƙannena na makaranta, Baba kuma ba ya iya aiki..."

"Na sani. Shi ya sa ban roƙe ka ba."

"Zan jira ki."

"Kada ka ce haka. Ranar da kake jira, ranar da zan rasa Lola, ni ita nake roƙon Allah kada ta zo."

Ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, kamar yadda muke gaida manya, hawayensa na sauka a yatsuna.

Keken ya ja. Na ɗaga hannu har ya sha kwana, sannan na durƙusa a gefen titi na yi kukan da na hana shi gani.