Sallama a Tafkin Kalmalo

Magariba ta gota lokacin da Kofur Ashafa ya iso bakin tafkin Kalmalo da motar sulke, irin mai tafiya a tudu ta kuma ratsa ruwa. A bayansa abokin aikinsa Mujtaba na kwance da harsashi a ciki, yana numfashi sama-sama. Ambaliya ta cinye hanyar Illela, in ba ta tafkin ba, ba zai kai shi asibiti da rai ba.

Fitilar motar ta hasko wani tsoho tsaye cikin ruwa har gwiwa. Ashafa ya leƙo ta sama ya daka masa tsawa, ya ce ya kauce.

"Samari," in ji tsohon, "ruwan ga da masu shi. Ko mu masunta ba mu shiga sai da sallama."

"Mi? Mutum na mutuwa kana yi min zancen sallama!"

Ya ja murfin ƙarfe ya kulle, ya afka ruwa. Sai da ya yi nisa ya tuna cewa ruwan ko motsi bai yi ba a kewayen ƙafafun tsohon.

A tsakiyar tafki injin ya mutu. Kwaɗi suka yi tsit. Ƙarnin kifi ya cika motar da ko iska ba ta shiga. Ya kasa kunne, bai ji numfashin Mujtaba ba.

Ashafa ya ce, "Salamu alaikum."

Ya waiwaya. Leɓɓan Mujtaba ne suka motsa, amma muryar tsohon ce ta fito.

"Sai yanzu?"