Yatsu Uku a Jikin Siminti

Da faɗa suka fara, kamar yawancin soyayyar da ke yin ƙarko.

Tana kan tsani tana manna ɗan siririn gilashi a kan tsagar bangon tsohon ɗakin karatu, sai ta ji ƙasa na rawa. Ta sauko a fusace, ta tsallake igiyar da ta raba aikinta da filin da ake haƙa harsashin sabon ofis, ta tsaya ƙiƙam a gaban motar haƙa.

"Wa ke da aikin nan?"

Wani dogon saurayi ya cire hular kwano. "Ni ne injiniyan, ranki ya daɗe. Laifin me muka yi?"

"Ginin can ya haura shekara ɗari, da dutse da farar ƙasa aka yi shi, ni kuma aka damƙa wa gyaransa. Ka ga gilashin can? Idan bangon ya motsa ko da faɗin gashi ne, zai fashe. Ranar da ya fashe kuwa, ni da kai ne."

"Ni da ke," ya maimaita yana murmushi. "Allah Ya amsa."

Ta watsa masa harara ta juya. Amma kafin la'asar ya sa an ja haƙan baya da mita uku. Da yamma sai ga saƙo:

"Barka da hutawa, 'Yar Farar Ƙasa. Ya jikin gilashinmu?"

"Gilashina dai. Lafiyarsa ƙalau, Malam Siminti."

"Ni ma a taimaka a manna mini ɗaya a ƙirji. Tun ɗazu wani abu ke motsi a wurin."

Ta ja tsaki, ta kife wayar. Sai dai fa sau huɗu ta sake karantawa, kada ma ta musa. Wasa-wasa, kafin wata uku igiyar nan ta zama wurin hirarsu.

Baba, mahaifinta, shi ne ya zama ƙarfen ƙafa. Tsohon magini ne, shekara arba'in yana aikin dutse, shi ya koya mata cewa dutse na numfashi: farar ƙasa na barin danshi ya fita, siminti kuwa shaƙe shi yake yi. Ranar da saurayin ya zo gaisuwa, a dokin ƙofa Baba ya bar shi tsaye, ko tabarma bai sa an ba shi ba.

"Mai siminti?" in ji Baba bayan ya tafi. "Masu gini yau su rushe gobe? Wanda bai san haƙurin farar ƙasa ba, ina zai san haƙurin aure? Ga Mai Zane nan, ɗan aminina, shi na sani."

Mai Zane shi ya zana sabon ofishin, mutum ne mai tsaftar takalmi, bai taɓa bari ƙura ta taɓa shi ba.

"Baba, ni dai shi nake so," ta ce, kanta a ƙasa. "Zan jira. Ai kai ka koya mini jira."

Aka yi mako guda ana tafka ruwa. Ranar Litinin ta iso ta tarar da gilashin ya rabe biyu, bangon ya yi ciki. Ta nufi bakin igiyar ta tare injiniyan.

"Ka yi mini alkawarin haƙanka ba zai taɓa bangon ba!"

"Wallahi kwana biyar injinana a kashe suke. Bari in duba gindin bangon."

Ya durƙusa, ya zare dutse ɗaya da ya yi lako-lako, ya haska da wayarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar da dutsen, ya miƙe ya tafi.

A taron da waɗanda suka mallaki ginin suka kira, Mai Zane ya miƙe ya zuba bayani, ya ɗora komai a kan haƙan. Aka juya ga injiniya. Ya ce, "Ba ni da ta cewa." Nan take aka cire shi daga aikin. Ita kuwa ta ji kamar ta haɗiyi garwashi, don ta so shi tsakani da Allah, ga shi ya ba ta kunya.

Tana fita saƙo ya shigo:

"Ki tokare bangon yau ɗin nan, kada ya kwana. Sannan ki buɗe jerin duwatsu na uku daga ƙasa. Ki buɗe ke kaɗai, 'Yar Farar Ƙasa."

Ba ta amsa ba, amma ta sa aka kafa tokara. Da ma'aikata suka tafi cin abinci, ta ɗauki kurfi da guduma. Dutse na biyu na fita, ruwa ya tsarto mata a ƙafa. A bayan duwatsun akwai wani makeken facin siminti, tsoho, shi ya tare ruwan har bangon ya kumbura. A tsakiyarsa kuma shatin yatsu uku a jere.

Ta san shatin. Tun tana rarrafe take taka irinsa a dokin ƙofar gidansu. Alamar Baba ce.

Ta yi kukanta ta share. Washegari ta ce, "Baba, yau sai ka raka ni aiki. Ba zan tafi ba sai da kai."

Tsoho ya durƙusa da ƙyar a gindin bangon. Ya sa yatsunsa a shatin, suka zauna daram.

"Shekara ashirin da takwas," ya ce a hankali. "Aka ce in gama kafin damina, mamanki kuma na asibiti da cikinki. Farar ƙasa na son makonni, siminti kwana ɗaya. Na yi, na rufe. Tun ranar na tsani siminti." Ya ɗago. "Yaron nan ya gane alamar?"

"Ina zai kasa ganewa, Baba? A kanta ka bar shi tsaye."

Baba ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. "Kai ni wurin masu ginin."

Da bakinsa ya faɗi komai, Mai Zane na zaune yana kallon takalminsa. Aka kira injiniya aka mayar masa da aikinsa. A bakin igiyar nan Baba ya tare shi.

"Ɗana, me ya hana ka magana?"

"Baba, aiki ana samun wani. Sunan shekara arba'in fa?"

Idon tsoho ya kawo ruwa. Ya miƙa masa kurfi. "Ungo. Ni na zuba, tare za mu cire. In mun gama ka turo manyanka."

Wata biyu suka yi suna sassaƙe simintin da hannu, ita tana cike gurbin da farar ƙasa. Sabon gilashin da ta manna har aka ɗora rufin ofis bai ko tsage ba.

Ana jibi ɗaurin aure Baba ya je gidan da za su zauna, ya gina musu dokin ƙofa da dutse da farar ƙasa, ya danna yatsunsa uku. Ranar da aka kai amarya ya tsaya a wurin da kansa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai riƙon amana. Amma kada wanda ya taka mini wurin nan sai ya yi mako uku!"

Aka fashe da dariya. Ango ya miƙo hannu, ta tattare mayafinta ta kama.

"To, Malam Siminti, za ka iya jiran?"

"Ni da ke ne fa," ya ce. Suka tsallake tare.